Bayan Allon Tagulla

Da aka ciccibo Baba Bato daga ɗaki za a sa shi a motar Ilyasu, hannunsa na ta lalube a iska. Christiana, jikarsa da ke kula da shi, ta miƙa masa sandarsa, ya ture. Ta miƙa masa carbinsa na coci, ya ture. Sai da Ilyasu ya sunkuya zai gyara masa ƙafafu a kujerar baya sannan tsohon ya cafke wuyan hannunsa, riƙon da ba ka zaton ɗan shekara tamanin da takwas yana da irinsa.

"Allon," ya ce, numfashi na sarƙe shi. "Ka kai shi ɗakinka. 'Yan jari-bola sun san da shi."

"Zan kai, Baba."

"Asabar fa baƙuwar za ta zo."

"Kafin Asabar ka dawo, in sha Allahu."

Ranar Litinin ce, ƙarshen watan Agusta. Kwana huɗu ke nan hadari yake haɗuwa a kan Karmo da ke Abuja, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, sannan ya ƙi sauka. Zafi ya danne unguwar. A makon nan kaɗai an sace murfin kwata uku a layinsu, ramukan na nan buɗe, an soka musu reshen mangwaro don kada wani ya faɗa. Ilyasu ya kauce musu ɗaya bayan ɗaya ya nufi asibiti, yana jin Christiana a baya tana addu'a da yarensu.

Sunan Baba Bato na gaskiya Bartholomew, amma wa ke da lokacin wannan dogon suna a gidan haya mai ɗaki shida? Mutumin bayan Langtang ne, tsohon mai gadin wani sito a Idu, idonsa ya mutu shekara tara da suka wuce. Ɗakinsa na jikin na Ilyasu. Shekara goma sha ɗaya suna raba katanga ɗaya, naman Sallah ya shiga can, shinkafar Kirsimeti ta shigo nan.

Allon kuwa na tagulla ne, bai kai faɗin faranti biyu ba, amma yana da nauyi. A fuskarsa an zana sunayen Turawa biyar, sojoji 'yan ƙasar Ayilan da suka mutu a yaƙin da Ingila ta yi da Jamus a ƙasar Kamaru, sama da shekara ɗari. Wani Fada, limamin coci ɗan ƙasarsu, shi ne ya kafe shi a bangon cocin ƙauyen su Baba don tunawa da su. Abin da allon bai faɗa ba shi ne, daga ƙauyen nan an kwashi samari ashirin 'yan dako, su ne suka ɗauki akwatunan harsashi da gadajen Turawan a ka. Ruwa ya ci wasu a wajen ƙetare kogi, zazzaɓi da gudawa suka ƙarasa sauran. Mutum ɗaya ya dawo, Ndam, mahaifin Baba. Da bangon cocin ya faɗi wata damina, shi ya tono allon daga cikin laka ya kai gida.

Duk ranar Asabar ta ƙarshen Agusta Baba zai sa a fito masa da kujera bakin ƙofa. Zai goge fuskar allon da toka da lemun tsami, ya ɗora shi a cinya, ya tallabe shi ta ƙasa da hannu biyu, sannan ya fara kira. Ba Turawan yake kira ba. Samarin nan goma sha tara yake kira, ɗaya bayan ɗaya, yadda uban ya koya masa. Babu su a takarda ko ɗaya a duniya. Christiana a Abuja aka haife ta, sunayen ba sa zama a kanta, kuma tsohon ba ya maimaita su a wata rana dabam. Cewa yake ba a tashin matattu don a gwada alƙalami.

Tun shekarar farko Ilyasu ya yi alkawarin zai zauna ya rubuta su. To amma Ilyasu ne. Wata shekara taron bita a Lakwaja, wata shekara ɗaurin auren ɗan darakta, wata shekara yana gida sarai amma biro ya ɓata, ya ce baɗi. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Ma'aikacin sashen tarbar baƙi ne a wata ma'aikata, irin mutanen nan da idan babban baƙo zai zo sai sun sa an yi wa duwatsun bakin hanya fenti, an ari tukwanen fulawa an jera, baƙo na tafiya a mayar. Abu in bai yi ƙyalli ba, a wurin Ilyasu bai shirya ganin mutane ba.

Shi ne kuma ya ɗauki hoton fuskar allon ya sa a intanet. Bayan wata biyar sai ga saƙo daga wata mata a Ayilan, Madam Nula. Suna na uku a allon kakan mahaifinta ne. Garinsu na gina dutsen tunawa da mutanensu da suka mutu a yaƙe-yaƙen mulkin mallaka, tana so ta zo ta gani da idonta. Baba ya yarda, da sharaɗi guda: zai kira nasa mutanen a gabanta, a ranarsu, Ilyasu ya rubuta, ita kuma ta sa a sassaƙa su a dutsen nan tare da Turawan da suka yi wa dako. Ta amsa da murna. Tun daga ranar tsohon yake ƙirga kwanaki, yana cewa idan ya sauke kayan nan ya gama aikinsa.

Da Ilyasu ya dawo daga asibiti ya cika alkawari, ya ɗauko allon daga ƙarƙashin katifar Baba ya kai ɗakinsa. Da ya warware tsohon zanin da aka naɗe shi sai ransa ya ɓaci. Fuskar ba laifi, ko da yake toka ta daskare a cikin haruffan. Amma bayan! Baƙi da kore sun haɗu sun yi ɓawo, kamar gindin tukunyar da aka manta a bayan gida. Ya tuna bai taɓa ganin Baba ya goge nan ba, ya ce a ransa makanta ce da tsufa. Mace za ta taso daga wata uwa duniya, a miƙa mata wannan?

Matarsa Sumayyah tana tankaɗen gari ta ɗago ta dube shi. Ta san wannan kallon nasa.

"Ajiya aka ba ka fa, Baban Nazeefa, ba gyara ba."

Ya yi dariya ya ce mata ita ba ta san aikin tarbar baƙi ba.

Ranar Laraba ya sa allon a buhu ya nufi Idu. A bayan wani kamfanin robobi akwai rumfar Ɗangoggo, wanda ke yi wa ma'aikatarsu allunan sunan da ake maƙalawa a ƙofofin ofis. Mutum ne gajere mai jan ido, kullum gashin hannunsa na ƙyalli da garin ƙarfe. Ya karɓi allon ya auna nauyinsa a tafi, ya ce irin wannan tagullar ba a yin ta yanzu. Ya juya shi, ya tofa yawu ya murza da babban yatsa, ya karkata shi wajen haske.

"Oga, akwai wasu zane-zane a bayan nan. Kamar da ƙusa aka ja su."

A daidai lokacin wayar Ilyasu ta yi ƙara, darakta ne, yana tambayar inda aka kai jan kafet. Ilyasu ya leƙa da gefen ido. Ya ga 'yan layuka a jere, wani dogo wani gajere, wani a karkace, duk datti ya cike su.

"Ƙwarzane ne kawai," ya ce, ya toshe bakin wayar da hannu. "Share su. Gaba da baya nake so ya zama kamar madubi."

Ɗangoggo ya ɗan tsaya, ya sake dubawa. Sannan ya ɗaga kafaɗa, mai kaya ya faɗa. Ya kunna inji. Ilyasu ya matsa can gefe saboda ƙara, ya juya baya yana ta "yes sir, yes sir", garin tagulla na tashi yana sauka a ƙasan rumfar. Sama ta yi wata irin tsawa mai tsawo, masu sayar da abinci suka fara tattara kwanoni, amma ko ɗigo bai sauko ba.

Aiki kam ya yi kyau, kada a ci haƙƙin Ɗangoggo. Da Ilyasu ya nuna wa Sumayyah sai da ta kare ido. Ta koma kan wankinta. Shi kuwa har kyalle mai laushi ya saya ya naɗe shi, da sabon littafi mai bangon fata da biro biyu, kada ɗaya ya ba shi kunya.

Ranar Juma'a da yamma asibiti suka sallami Baba. Ba don ya warke ba. Likitan ya ja Ilyasu da Christiana gefe ya ce zuciyar ta gaji, a kai shi gida a ba shi abin da yake so. Ƙafafunsa sun kumbura, muryarsa ta koma ciki. Abu na farko da ya tambaya a mota shi ne allon. Ilyasu ya ce yana nan lafiya lau, ya so ya ƙara da cewa akwai abin mamaki, sai ya haɗiye, gara tsohon ya ji daga bakin baƙuwa.

Da hantsin Asabar Madam Nula ta iso, doguwar dattijuwa mai furfura, zufa ta jiƙe mata riga. Direbanta ya sha fama da ramukan layin. Maƙwabta suka fito suka tsaya a bakin ƙofofinsu. Aka fito da Baba a kujerarsa, Christiana ta sa masa farar rigarsa ta zuwa coci, wadda yanzu ta yi masa yawa. Garin ya yi duhu kamar magariba, iska ta tsaya cik, ko ganyen mangwaro ba ya motsi.

Ilyasu ya shiga ya fito da allon a kan hannu biyu, ya yaye kyallen. Mata suka yi salati. Madam Nula ta durƙusa ta ɗora yatsa a kan suna na uku, ta fashe da kuka, tana cewa ba ta zaci an riƙe shi da daraja haka ba. Ilyasu ya fassara wa Baba, ƙirjinsa a cike. A ransa ya ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

"Ba ni," in ji Baba.

Aka ɗora masa a cinya. Ilyasu ya ja benci ya zauna, ya buɗe littafi, ya jera lamba ɗaya zuwa goma sha tara a gefen shafi. Tsohon ya gyara zama, ya share murya, ya zura yatsunsa ƙarƙashin allon kamar kullum.

Yatsun suka tafi gefen hagu suka dawo. Suka tafi dama. Suka bi gefe-gefe, suka koma tsakiya, a hankali da fari, sannan da sauri. Ya juya allon ya kifa shi, ya shafa bayan da tafin hannu gaba ɗaya, sama da ƙasa.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Naka ne, Baba," in ji Ilyasu. "Gyara shi na sa aka yi saboda baƙuwa."

"Ina mutanen?"

Babu wanda ya gane sai Christiana, wadda ta dafe baki da hannu. Shi kuwa Ilyasu, sai muryar Ɗangoggo ta dawo masa tar, da 'yan layukan nan da ya kalla da gefen ido.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. A hankali ya yi bayani, yana hutawa tsakanin kalmomi. Ndam bai iya rubutu ba. Da ya kawo allon gida sai ya ɗauki ƙusa ya ja wa kowane ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa layi a baya, kowa da kamarsa. Dogo ya sami dogon layi. Mai ɗingishi nasa a karkace. Wasu 'yan'uwa biyu layinsu a manne. Wanda ruwa ya ci, an gitta masa wani ƙarami a kai. Tun Baba yana ɗan shekara bakwai uban yake kama yatsansa yana bi da shi a kai, yana faɗin suna. Shi ya sa ba a goge bayan, kada toka ta cinye su. Shekarun nan da mantuwa ta fara kama Baba, ba shi yake tuna sunayen ba. Yatsa ne idan ya faɗa cikin layin, sai sunan ya zo baki.

Madam Nula tana ta kallon fuskoki, tana tambayar abin da ya faru. Dole Ilyasu ya fassara mata da bakinsa, kalma bayan kalma, har da wanda ya sa aka yi. Bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Gyaran gangar Auzinawa, shi da hannunsa, a kan amanar makaho.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Ka riƙe biro," in ji tsohon. "Bari mu gwada."

Ya ɗora yatsa a inda layin farko yake a da. "Nanzing," ya ce. Ilyasu ya rubuta. "Ponfa. Wuyep. Selbar da Nimfa, 'yan ɗaki ɗaya." Yatsan ya matsa, ya zame a kan santsi. Ya laluba, ya sake lalubawa. "Rimdan. Domkat." Yatsan ya sake zamewa. Leɓunansa na motsi, babu abin da ke fita. Ya koma farko, Nanzing, Ponfa, Wuyep, ko gudun zai ja sauran, ya zo kan Domkat ya tsaya kamar wanda ya iso bakin rami. Sau huɗu yana komawa. A na biyar hawaye ya biyo matattun idanun, Christiana ta ce a bar shi haka, ya gaji.

Kafin a ɗaga shi ya juyo da fuska wajen Ilyasu.

"Ya yi ƙyalli sosai?"

"Ya yi, Baba."

"To. Su biyar ɗin sun gode."

Ana shigar da shi ɗaki ruwan ya ɓalle, ruwan kwana tara da aka riƙe. Ya cika ramukan layin ya shafe su, har direban baƙuwa ya ƙi tayar da mota sai da aka tsagaita.

Ilyasu bai ci abinci ba ranar. Da ruwa ya ɗauke ya koma Idu a guje, ko Ɗangoggo ya riƙe siffar layukan a kansa. Mutumin ya ce shi dai ya ga zane, bai ƙirga ba, ai oga ne ya ce a share. Ƙasan rumfar ruwa ya wanke ta tas zuwa kwata. Ilyasu ya duba wayarsa, hoto goma sha biyu ya ɗauka na allon nan a shekarun baya, duka na fuska. Ya sa Christiana ta kira ƙauye, aka ce tsohuwa ta ƙarshe da za ta iya sani an binne ta bara.

Ranar Lahadi Ilyasu bai bar bakin ƙofar Baba ba, littafi a cinya. Tsohon yana kwance, allon a kife a ƙirjinsa, yatsa na yawo a kai. Wajen azahar ya ƙwanƙwasa katanga da sanda, yadda yake yi idan yana son a kunna masa rediyo. Ilyasu ya faɗa ciki.

"Vongjen. Mai ɗingishin."

Ya rubuta. Bayan la'asar aka sake ƙwanƙwasawa, da rauni.

"Binfa. Shi ya ba babana ruwansa."

Ya rubuta, ya tsaya da biro a kan lamba ta goma, yana jira. Bakin tsohon ya buɗe kamar wani sunan na tafe. Ilyasu ya kai kunnensa dab da leɓen, har yana jin ɗumin numfashin. Ya daɗe a haka, a sunkuye, kafin ya lura ɗumin ya daina zuwa. Christiana ce ta zare allon daga ƙarƙashin hannun, ta rufe wa kakanta ido.

Ranar Talata motar coci ta zo ɗaukar gawa zuwa Langtang. Duk gidan aka fito, Musulmi da Kirista, Sumayyah na kuka kamar ubanta ne. Madam Nula ta zo ita ma, jirginta da yamma zai tashi. Ta ce ba za ta ɗauki allon ba, a nan ya kamata ya zauna. Ta roƙi takardar sunayen kawai. Ilyasu ya yage shafin ya miƙa mata: suna tara, sai lamba goma zuwa sha tara, kowace da fili a gabanta. Ta tambaye shi me za ta ce wa mai sassaƙa ya sa a wuraren nan. Ya buɗe baki, shi da bai taɓa rasa abin faɗa wa baƙo ba, ya rufe. Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Christiana ce ta ƙarshen shiga mota. Ta fito daga ɗaki da allon a hannu, babu kyalle, ta tsaya a gaban Ilyasu.

"Oga Ilyasu, kai ya ce ka ajiye. Bai canza magana ba."

Ta ɗora shi a kan kujerar Baba da ke bakin ƙofa, a kife, ta wuce.

Motar ta bi layin a hankali tana kauce wa ramuka har ta sha kwana. Maƙwabta suka koma ɗakunansu. Ilyasu ya sunkuya zai ɗauki allon, sai ya tsaya. Bayan ya yi sumul, babu ko tabo, yadda ya ce a yi. A ciki ga hularsa, ga gilashinsa, ga biro biyu a aljihun gaba. Daga bakin kwanon rufi ragowar ruwan jiya yana ɗiga, ɗigo ɗaya ya faɗo a kan tagullar, ya gangara a hankali ya ja layi, layin ya tsaya kaɗan, sannan ya bushe.